Kifin Kawu da Warin Fetur

Ina ɗaga murfin kular ƙamshin banda ya bugi hancina. Na tsaya. Na sake leƙawa. Tarwaɗa ce manya manya, an naɗe kowacce kamar gammo, an soke ta da tsinke, ta sha hayaƙi har tana ƙyalli. A gefe ga ƙullin yaji a leda. Ƙanƙarar da na aika da ita kuwa babu ko ɗigo, an wanke kular tas kafin a zuba kifin.

Direban motar Argungu da ya miƙo mini ita a tasha sai cewa yake, "Hajiya, ki gode ma mai aiken ga. Tun hanya fasinja ke tambaya ko na sayarwa na."

Na ja gefe na kira Inna, matar kawuna.

"Inna, kifin da na ce a aiko mini ɗanye fa?"

"Ya iso ko? Madalla. Ki cire ma uwakki nata, manyan biyu nata na."

"Inna, ba na ci ba ne. Na gwaji ne."

"To gwajin ba ya son kihi mai kyau? Ke ɗiyar ga, ni in ɗauki ɗanyen kihi cikin zahin ga in sa mota in aika gidan dangin miji? Su ce mi? Su ce ba ni da itace?"

Na yi godiya, na tari keke napep, na koma gida unguwar Gwadangaji da kula a kan cinya.

Bari in gaya muku yadda aka yi har aka zo nan. Ni aikina aune-aune ne. Kemistiri na karanta, ina aiki a wani ɗakin gwaji a nan Birnin Kebbi, yawanci ruwan rijiya da na burtsatse muke dubawa, wani lokaci mai, wani lokaci abinci. Dangina na Argungu duk likita suke ce mini, na gaji da gyara musu.

Kawu, yayan mahaifiyata, masunci ne. Akwai wani gurbi a gefen gulbi da yake kamun kifi tun zamanin mahaifinsa. Cikin ranin nan sai matan da ke sayen kifinsa suna soyawa suka fara juya masa baya. Kowacce ta ɗaga tarwaɗa ta kai hanci, ta ajiye, ta wuce wurin wani. Wai kifin Kawu warin fetur yake. Da farko ya ce sharri ne. Da ya shinshina da kansa ya ji, sai ya daina musu. Mutumin da ba shi da wata sana'a sai su, in mata suka daina sayen kifinsa, gidansa ne ya tsaya.

Kuma bai sha wahalar neman mai laifi ba. Wani manomin shinkafa da gonarsa ke bakin gurbin ya kafa injin ban ruwa daidai gaɓa. Kawu ya kai ƙara wurin sarkin ruwa, wanda ke raba gardamar masunta. Sarkin ruwa ya ce zai saurare su, amma kowa ya zo da hujja. Shi ne Kawu ya tuna yana da 'yar ƙanwa mai na'ura.

Na roƙi ogana, ya ce in kawo kifin, zai ba ni wuri in mun gama aikin mutane. Na aika kula da ƙanƙara, na yi bayani a waya har sau nawa: ɗanye, daga ruwa sai kula. Ga abin da ya dawo.

Me ya sa banda ba za ta yi ba? Na'urar da muke amfani da ita, ji-si muke ce mata. Ba wani sihiri ba ne. Siririn bututu ne mai tsawon gaske, an naɗe shi kamar igiyar guga a cikin akwati mai zafi. Sai ka tura tururin abin da kake son aunawa ta baki ɗaya, iska ta kora shi. Sinadarai marasa nauyi su riga fita, masu nauyi su biyo baya suna jan ƙafa. Duk wanda ya fita sai ya bar tsini a zanen da ke kan kwamfuta. Fetur yana da irin jerin tsininsa, da wuri yake fitowa. Baƙin mai da danginsa sai can baya, su kuma ba tsini suke yi ba, tudu suke yi mai faɗi. To fetur abu ne mai gudu, ko rana ta ishe shi ya tashi, balle wuta. Inna ta kori abin da nake nema da wuta, hayaƙi kuma ya zuba nasa tarkacen a ciki. In na sa wannan kifin a na'ura, itacen Inna zan auna.

Mun dai ci kifin. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi daɗi, yaji ya rufe komai. Mahaifiyata tana suɗe ƙashi tana cewa, "Ke ma dai, mutum ya aike ki da bakinki ki tura kula. Tashi ki tafi da ƙafarki."

Ranar da ba ni da aiki na kama motar farko. Jakata cike da ƙananan kwalabe na gilashi, waɗanda na wanke na gasa da hannuna, da foyil, takardar gwangwanin nan ta naɗe abinci, da safar hannu, da sabuwar ƙanƙara. Ina isa na ce wa Inna don Allah kada kowa ya taɓa jakar nan. Ta ce, "Kwalaben ko ɗauraya ba a yi musu?" Na ce an yi. Ta dube su ta taɓe baki. Na tabbata da na juya baya da sun sha sabulu da soso.

Muka sauka gulbi da Kawu. Ruwa ya ja baya sosai, gonakin shinkafa kore shar har iya ganinka, ko'ina ƙarar inji kake ji. Jirgin Kawu tsohon kwalekwale ne na katako. Na zauna a kan allon tsakiya, kula a kan cinya, ƙafata cikin ɗan ruwan da ke kwance a gindin jirgin.

Wuri na farko can sama da injin na ce ya kai ni. Ya ce, "Mi za ki yi can? Ga inda ɓarnar take."

"Sai na san yadda ruwan yake kafin ya iso inji, Kawu. In ba haka ba, da me zan gwada?"

Ya tura gora, muka tafi. Ɗiban ruwan gwajin fetur yana da fitina. Kwalba sai ta cika har ruwan ya yi tozo a baki, ka rufe a hankali, ka kifa ta ka duba. In ka ga ƙwayar iska ko kamar ƙwayar gero ce, ka zubar ka sake, don fetur ɗin zai gudu cikin iskar nan. Ga jirgi yana rawa. Na cika, na kifa, na zubar. Na sake, na zubar. Kawu yana kallona.

"Likita, gulbin kika son ƙarewa ko mi?"

"Iska ce ta shiga."

"Iska. Mu da munka sha ruwan ga shekara da shekaru da iskar da kwaɗin duka."

Abin da ya fi ba shi dariya shi ne wata kwalba da na taho da ita cike da tataccen ruwa daga wurin aiki. Ba a buɗe ta, tana dai bin sauran duk inda suka je, ta koma tare da su. In aka auna ta aka ga fetur, to a hanya aka kwaso, ba a gulbi ba, aikin duka ya lalace ke nan. Da na yi masa bayani sai ya ajiye gora yana dariya.

"Wato kin ɗauko ruwa tun daga Birni, kin biya mai mota, ya zo ya ga gulbi ya koma? To wagga 'yar rakiya ta."

Daga nan duk inda muka tsaya sai ya ce, "A duba 'yar rakiya, kada ta gaji."

Da muka iso wurin injin, dariyar ta ɗauke. Mai injin yana nan tsugune yana gyara tiyo, dattijo ne sa'an Kawu, wandonsa naɗe zuwa gwiwa. Ya yi sallama, Kawu ya amsa a taƙaice yana kallon wani wuri. A kan ruwan da ke gindin injin akwai ɗan ƙyalli mai launin bakan gizo. Kawu ya nuna mini da haɓa.

Ina cika kwalba mai injin ya matso bakin ruwa ya ce, "Malama, don Allah ki auna da kyau. In nawa na, wallahi ɗauke shi zan yi. Ba ni son a ce ni na hana maƙwabci cin abinci."

Na ce masa in sha Allahu.

Muka gangara ƙasa da injin na ɗibi na uku, sannan Kawu ya ja tarunsa. A nan na yi abin da aka koya mana. Kifi kashi biyu na raba. Kashi na farko daga taru sai hannuna, sai foyil, sai kula, bai taɓa komai ba. Kashi na biyu na ce a bar shi yadda aka saba, a watsa shi gindin jirgi yana wutsil-wutsil cikin ruwan nan har mu kai gaɓa. Ba don ina zargin wani abu ba ne. Matan kasuwa ba daga taru suke shinshinawa ba, wanda ya iso gaɓa suke shinshinawa, shi ya sa dole in auna shi ma.

Da zan sauka na ji bakin zanena ya manne da katako. Na ja, ya fito da wani baƙin abu mai danƙo.

"Kwalta ta," in ji Kawu. "Jirgin ya tsuhwa, yoyo shikai. Ki sa kananzir, tana hita."

Na ji haushin zanen kawai, ban kawo komai a raina ba.

A gida Inna ta tare ni a ƙofa tana kallon kula. "Ko gishiri ba a barbaɗa mai?" Na ce a'a. "Ko a hwasa cikin a wanke?" Na ce a'a. Ƙarshenta a kan kular na zauna na ci tuwon shinkafa, ita kuma tana gaya wa maƙwabciyarta ta kan katanga cewa boko ya mai da ni mai gadin ɗanyen kihi.

A wurin aiki sai da muka jira wuta ta zauna, don na'urar ba ta son a ɗauke mata wuta tana tsakar aiki. 'Yar rakiya muka fara sawa. Zanen ya fito a shimfiɗe, babu komai. Na ce alhamdu lillahi, aikin bai lalace a hanya ba. Ruwan sama da inji, kusan babu komai. Ruwan gindin inji, ga tsinin fetur nan, ƙanana amma suna nan. Ruwan ƙasa da inji, sun kusa ɓacewa. Na ce a raina to, Kawu yana da 'yar magana.

Sai kifi. Na yanki tsoka, na niƙa cikin sanyi, na rufe a kwalba, aka ɗumama don tururin ya tashi. Wani kashin kuma na jiƙa shi a ruwan sinadari don ya jawo masu nauyin. Kifin da ya fito daga taru kai tsaye, da ƙyar ake ganin wani abu. Kifin da ya kwanta a gindin jirgi kuwa, tsini suka tashi zaƙo-zaƙo, a bayansu ga wani ƙaton tudu.

Ogana ya leƙo ta kafaɗata, ya gyara tabarau. "Wannan tudun daga ina? Babu shi a ruwan injin."

"Ban sani ba, Oga."

"Gurbi ɗaya, taru ɗaya, rana ɗaya. Me ya raba kifin nan biyu?"

Na ce jirgi. Ina faɗa na tuna zanena.

Ya ce in sake daga farko kafin in buɗe baki ga kowa. Na sake, haka ya fito. Washegari na zo da zanen, ban wanke shi ba dama, na yanke wurin baƙin da almakashi, na jiƙa, na sa a na'ura. Tsinin nan da tudun nan, kamar an kwafe na kifin. Na kira Inna na tambaye ta da dabara yadda Kawu ke liƙe jirgi. Ta ce ai kwalta yake samowa, ya narka ta da fetur da ɗan baƙin mai don ta yi laushi ta shiga tsagar katako, kuma tunda jirgin ya matsa da yoyo bana, kusan kullum sai ya ƙara. Ta ce, "Shi yaƙ ƙirƙiro abinai, ya ce ta hi ta masu gyara kamawa."

Na so in gaya masa a waya. Mahaifiyata ta ce kul. "Yayana ne. Irin wannan magana ba a aika ta, zuwa ake a zauna."

Na same shi a rumfar ƙofar gida yana ɗinkin taru. Na gaishe shi, na zauna a gefen tabarma. Ban nuna masa zane ba, na san ba shi yake son gani ba. Na ce, "Kawu, kifinka lafiyarsa lau a cikin ruwa. A jirgi yake ɗaukar warin."

Hannunsa bai tsaya ba. Na gaya masa komai, daga 'yar rakiya har zanena. Ya ƙulla zare, ya cije, ya tofar.

"Ga ruwan wurin injin, kin samu mai ko ba ki samu ba?"

"Na samu kaɗan."

"Kaɗan ɗin mai na ko ba mai ba?"

"Mai ne."

"To shi za ki hwaɗa ma sarkin ruwa. Ba ƙarya kika yi ba."

"Kawu, in na tsaya gabansa, tambayar da zai yi mini ita ce me ya sa kifi wari. In na amsa, duka zan faɗa."

Ya ɗago ya dube ni. Ba faɗa a idonsa, gajiya ce. "Ɗiyata, na tara mutane. Na nuna mutum da yatsa cikin kasuwa. Yanzu in koma in ce ni na shahwa ma kihina hetur da hannuna?"

"Ba sai ka ce komai a kasuwa ba. Ka dai canza jirgi, warin zai tafi."

"Kin tabbata?"

"Wannan kam na tabbata."

Inna tana bayan zana, na san tana ji, don dakan da take yi ya tsaya. Can Kawu ya ce, "To ba a tambayakki. Koma Birni."

Sauran labarin daga bakin Inna na ji. Kawu ya je wurin sarkin ruwa shi kaɗai, ya ce ya janye ƙara, a bar maganar saboda maƙwabtaka. Bai faɗi dalili ba. Ya jawo tsohon jirgin ya kifa shi a gaɓa, ya aro na surukinsa daga Gulma. Abin da ba mu sani ba, shi ma mai injin bai jira sakamako ba. Tun bayan zuwana hankalinsa bai kwanta ba, ya kira 'yan'uwansa suka ciccibi injin suka mai da shi can nesa da gurbin, ya ƙaro tiyo mai tsawo, ya sake haƙa hanyar ruwa, kuma ruwan ba ya isa ƙarshen gonar kamar da. Abubuwan biyu kusan tare suka faru.

Matan suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta ɗaga tarwaɗa ta kai hanci, ta juya ta, ta sake shinshinawa, ta ce a zuba mata. Kafin a jima Kawu ya koma sayar da kifinsa tun bai gama ɗaure jirgi ba. Gidansa ya farfaɗo. Wannan shi ne abin da aka kira ni dominsa, kuma ya samu.

Amma duk garin abu ɗaya suka gani: an ɗauke inji, wari ya tafi. Ana yaba wa Kawu da haƙuri, wai yana da gaskiya amma ya yafe. Mai injin kuwa har yanzu in an tashi tsokanarsa a majalisa sai a ce masa mai jiƙa kifi da fetur, shi kuma ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, don ya yarda shi ne.

Zuwana na ƙarshe na haɗu da mai injin a bakin kasuwa, yana ɗaure buhun taki a bayan babur ɗin kabu-kabu. Shi ya fara gane ni. Ya ce, "Malama, Allah shi saka. Da ba ki zo ba da ban san ina cutar maƙwabci ba." Na ce amin, na tambaye shi gona. Ya ce ƙarshen gonar ne dai ya ɗan bushe, amma ba komai.

Injinsa yana ɗigar da mai, wannan gaskiya ne, kuma gara da ya bar bakin gurbin. Amma ba shi ya sa kifin wari ba, mu uku muka san haka a Argungu, ni da Kawu da Inna. Kawu ne ya kawo mini aikin, a ƙa'idar aikinmu kuma sakamako na wanda ya kawo ne, ba a ba wani. Ogana ma haka ya ce. Mahaifiyata ta ce in bar manya su gyara abinsu. Shi kuma mutumin ya roƙe ni in auna da kyau, na kuma auna.

Ku da kuke karantawa, in ku ne a wurina, za ku gaya wa mai injin, ko za ku bar Kawu ya faɗa da bakinsa ranar da ya ga dama?